Adashe Ɗaya, Mutum Huɗu a Benci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwashi adashen ofishinmu ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin farar hula ba su daɗe da dawowa mulki ba, an ƙara albashi, wayar salula ta shigo, kowa a Abuja yana jin kansa. Ni ma, ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, na ɗauka da ni ake yi. Na sayi tsohuwar mota, na ɗinka shadda kala uku, na kama ciki da falo a Bwari. Kafin shekara ta zagayo mutum huɗu ke bina bashi: Iya mai abinci dubu uku, tela dubu takwas, Sande makanike dubu ashirin, Alhaji mai gida kuwa dubu sittin, har ya fara cewa in nemi wani wurin zama.

Dabarata (wai ni mai digiri a tattalin arziki) ita ce duk wanda ya fi ɗaga murya in yaga masa wani abu, sauran in ce su bari in kwashi adashe. Adashen nan dubu hamsin ne kacal. Kowannensu na yi masa alkawarinsa shi kaɗai, kuma don tsabar wayo har ranar kwasa na faɗa musu.

Ranar na shigo ofis cikin farar shadda ina baza turare, sai na tarar da su huɗun a jere kan bencin ƙofar Darakta. Har sun gama gaisawa sun san juna.

Iya ta ce, "Oga, ashe mu da yawa ne."

Kafin in haɗiye yawu Darakta ya fito, ya tambaya ko baƙina ne. Na ce, "'Yan uwa ne, ranka ya daɗe."

Sande ya ce, "Wane 'yan uwa, Oga? Ni kuɗin injin mota na zo karɓa."

Darakta ya dubi shaddata tun daga hula har takalmi, ya wuce abinsa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Uwar adashenmu, Mama Rifkatu mai buga takardu, 'yar Ushafa ce, ta kusa ritaya. Ita ta taso daga kan tafiretarta da ambulan a hannu, ta kora mu duka ɗakin ajiye fayil. Ni ko ambulan ɗin ba ta bari na taɓa ba. Ta tambayi kowa nawa yake bi, ta fara daga ƙasa: ta sallami Iya, ta sallami tela, ta sallami Sande. Saura dubu goma sha tara ta miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Alhaji ya ce, "Ni da na fi kowa, ni ne na ƙarshe?"

Ta ce, "Alhaji, jiya baki huɗu ne yake cin albashinsa. Daga yau bakinka ne kawai. Duk abin da yake ba su, kai zai riƙa kawo wa ƙarshen wata. Idan bai kawo ba, ni za ka kama."

Alhaji ya gyaɗa kai. A minti goma ta warware abin da digirina ya kasa warwarewa a shekara guda.

Da suka tafi ta miƙo hannu, na ɗauka gaisawa za mu yi, ashe makullin mota take nufi. Ta jefa shi a durowarta. Na koma hawa bas, na koma zuwa da ɗumame daga gida, tela kuwa ko ta ƙofarsa ba na bi. Wata biyar na gama da Alhaji, kuma ba a watsa mini kaya waje ba.

Na sayo turmin atamfa (da kuɗi a hannu, kada ku yi mini mugun zato) na kai mata, ina cewa, "Mama, yau ba wanda yake bina ko kwabo."

Ta ce, "Saura ɗaya, ɗana. Watan da ka fara aiki, albashi bai fito ba, wa ya ba ka dubu ɗaya na mota?"

Na tuna. Shekara uku ke nan, ban taɓa ko ambatawa ba. Na tambaye ta me ya hana ta cire kuɗinta ranar, ga ambulan a hannunta.

Ta ce, "Benci ya riga ya cika. Kuma kunyar ranar ta ishe ka."

Wannan ta fi ta gaban Darakta yi mini ciwo. Tun daga nan, in zan biya bashi daga ƙarami nake farawa, amma kafin in fara sai na zauna na tuno wanda bai taɓa zuwa ya zauna mini a benci ba.