Kaset ɗin Malamin da Bai Dawo Ba

Ba zan taɓa mantawa da kaset ɗin nan ba, ko da mutanen Rikoto sun manta, kuma na san ba su manta ba.

Lokacin ina gyaran rediyo a bakin kasuwa (aji uku na yi a sakandare, sauran a shago na koya). Wani malamin makaranta, Inyamuri, ya kawo rediyonsa, ya ce zai karɓa ran Asabar. Ran Juma'a mota ta kife da shi a hanyar Mahuta, ya rasu.

Bayan sati biyu na ga akwai kaset a cikin rediyon nasa, babu rubutu. Na kunna shi a rediyon da azahar, kasuwa ta yi tsit. Jita ta fara ja a hankali, ganga kamar ana buga ƙofa daga cikin ƙasa, sai wata murya mai kauri tana nishi kamar daga ƙasan rijiya. Gashin jikina ya miƙe. Amma wallahi ban taɓa jin abin da ya shige ni haka ba. Kullum sai na kunna. Mai tsire ya ɗauke teburinsa daga gefena. Mata suka koma bi ta bayan shagon. Ni kuwa har na fara cewa mamacin ne ke kuka a ciki.

Ran da yayarsa ta zo kwashe kayansa, na tara maƙwabta, na sunkuyar da kai.

"Madam, ki yi haƙuri, ɗan'uwanki bai kwanta ba. Saurara."

Ta saurara kaɗan, ta zare kaset ɗin, ta sa a rediyon motarta. Sai ga wasu samarin Turawa suna dukan jita da gudu, suna ihu kamar an ba su kyauta.

"Waƙar da yake wanki da ita ce," in ji ta. "Oga mai gyara, robar da ke juya kaset ce ta saki. Ba don ita ya kawo maka ba?"

Don ita ya kawo. Ban ko buɗe bayan rediyon ba.

Kafin wata ya ƙare, duk mai rediyo ya koma wurin wani. Yanzu facin taya nake yi. 'Yata ta nemo min mawaƙan a waya, sun iya, ba laifi, amma gudunsu ya yi min yawa. Abin da na koya dai: kafin ka ce matacce na magana, kwance sukurori huɗu ka leƙa.