Baƙon da Ya Sauka Kan Fadima

Ranar an tashi da zafin bazara. Hadari ya taso daga wajen Isa, ya yi ta ruri, ya watse ko ɗigo babu. Ran nan Fadima ta dawo Kurawa daga asibitin Sakkwato.

Ƙanenta shi ne Wakili Labbo, wanda muke kira Ƙofar Gari. Allah ya yi mutum! Aikinsa sanar da mai unguwa in an yi baƙo, amma ko akuya ta ɓato sai ya tambaye ta masauki.

Zahra'u, ɗiyar Fadima, ta durƙusa ta yi bayani. Tsohon ƙarin da ke cikin kan uwarta ya daɗe lafiya lau. Yanzu sankarar nono ta taso ta shige cikinsa ta zauna. Likitoci sun ce da wuya a ga irin haka, kuma a maido ta da sauri a yi aiki.

Wakili ya gyara rawani.

"Ciwo ya sauka gidan ciwo? Cikin unguwata? Wa ya sanar da ni?"

"Kawu, mota muke nema."

"Ba ta zuwa ko'ina. Wagga shari'ar masauki ce, ni za ni yanke ta. Likita mi ya sani ga baƙunci?"

Washegari da hantsi ya sa aka shimfiɗa tabarma ƙofar ɗakin Fadima, ya tara dattawa. Ya fara da godiya, don ko Kano ba kowane gida ke da irin wannan cuta ba. Ya tsawata wa ƙari kan saukar da baƙo a ɓoye. Ya umarci sankara ta koma inda ta fito.

Daga ɗaki shiru.

"Kun ji? Ta rasa ta cewa."

Ya ci gaba har la'asar, yana yi wa labule nuni da sanda. Sai iska ta ɗaga labulen. Gado ne kawai da buta.

Tun da asuba Zahra'u ta fitar da uwarta ta ƙofar awaki, mai babur ya kai su tashar Sabon Birni. Duk dattawan nan sun sani. Shayin Wakili ne ke da daɗi.

Fadima tana Sakkwato, an yi aikin, tana karɓar magani. Wakili yana bakin hanya, yana tsare kowane babur.