Rasuwar Mai Ido Ɗaya Ta Kan Gawo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Usaini Marwa na gefen Runka, a ƙasar Safana, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba su ba, rasuwar kyamarata, wadda aka fi sani da Mai Ido Ɗaya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan gawon gonata, idonta a buɗe, tana bakin aiki. Shekararta uku da wata biyar a hannuna.

Ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. Ɗiyata Suwaiba ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma ja mata kunne kada ta tausasa mini ko kalma ɗaya.

Ga wanda bai san marigayiya ba, Malama Sa'adiyya ce ta kawo ta, wata 'yar Batsari mai binciken tsuntsaye a jami'a. Ta zaga ƙauyuka tana tambayar inda gaggafa ke sheƙa. Masu takardun garin nan suka yi ta kallon sama baki buɗe. Ni na shige gaba, na kai ta gindin gawona, na nuna mata da sanda. Aka hau aka ɗaure marigayiya a reshe, kamu uku daga sheƙar. Aka kafa mata farantin sola, aka sa batir cikin akwatin ƙarfe a ƙasa, aka bar mini waya in riƙa kallo. Da hanya ta lalace Malama ta daina zuwa, sai dai ta leƙa daga birni in an samu sabis. Amana ta dawo wuyana, kuma ba don an rasa maza a garin aka ba ni ba. An duba ne.

Marigayiya ba ta da yawan magana. Da safe in rana ta taɓa farantinta takan ce tiit, sau ɗaya. In za ta juya wuya takan ce ƙir-ƙir-ƙit. Shi ke nan. Ba ta ƙiftawa, ba ta gyangyaɗi, ba ta taɓa ƙara gishiri a kan abin da ta gani ba, halin da na nema a majalisar mai shayi shekara arba'in ban samu ba. Ta hanyarta na ga gaggafa ƙwai ɗaya tak take yi, mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci ba tare da an kai ƙara wurin mai unguwa ba. Na ga uban ya buɗe fukafukai tsakar rana ya yi wa ɗansa inuwa, shi yana haki. Ita ce kuma ta wanke gaggafa daga ƙazafin matata Mero, wadda ta shekara goma tana tsine mata kan 'yan tsaki. Kadangare muka gani, da maciji, da mushen zomo. Ɗan tsako ko ɗaya bai hau gawon nan ba. Shirwa ce ɓarauniya. Mero har yau ba ta ba da haƙuri ba.

Malama ta taɓa nuna mini wata mikiyar Amurka mai farin kai, wai dubban mutane ke zaune suna kallon sheƙarta. Na duba da kyau. Kifi take ci, kai kamar an tsoma shi a ƙullun koko. Tamu jar fuska, jar ƙafa, tana lilo a sama tun hantsi har la'asar ba ta kaɗa fiffike. Na ce mata su Amurka su ci gaba da haƙuri da abin da suka samu.

Ni da marigayiya jinsi ɗaya ne, ba mu mutuwa da sauƙi. Sau biyu garin nan yana watsewa saboda 'yan bindiga. Ni kaina an tafi da ni daji, na yi kwana arba'in da ɗaya, na dawo da ƙafata ina da shekara saba'in, na tarar da ita tana juya wuya. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya harbe ta, ɓawon gawo kawai ya samu.

Amma babban aikinta shi ne tsaro. Kowa ya san yadda ungulu ta ƙare a mahautarmu tun da masu sayen kai da ƙafar tsuntsu suka fara zagaye kasuwanni suna kai wa bokaye. Tun ranar da aka ɗaure marigayiya babu wanda ya kuskura ya hau gawon, don ya san fuskarsa za ta isa birni kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. 'Ya'yan gaggafa biyu suka tashi lafiya a gabanta. Na uku yana cikin sheƙa yanzu.

Abin da harsashi ya kasa, caji ne ya yi shi. Na tafi Batsari a duba mini ido, kwana tara kacal. Sai Rabe, mijin ƙanwata, wanda ya taɓa riƙe wa mai gyaran wuta tsani a Kaduna ya dawo yana kiran kansa injiniya, ya buɗe akwatin. Wai ai marigayiya ba ta shanye hasken ranar nan duka, asara ake yi. Ya jawo kebur ya sa wayarsa. Kashegari maƙwabta suka ji. Ranar da na dawo, waya goma sha huɗu na tarar jere a kan tabarma kamar ana shanyar kuɓewa, ga rediyo, ga fitilu, ga kuma injin askin Yasir wanzami yana kuka a kan mutum.

Batir ya kumbura kamar akuyar da ta ci ɗanyen rogo. Hoto ya fara rawa, ya koma kore. Wuyanta ya riƙa cewa ƙir, ya tsaya, ba ya kaiwa ƙit. Injiniya ya ce in kwantar da hankalina, Yaya, zazzaɓi ne, ya binne batir cikin jiƙaƙƙen yashi wai ya huce. Ya huce kuwa. Abu na ƙarshe da ta nuna mini shi ne bakin ɗan gaggafa a buɗe yana jiran uwarsa. Daga nan duhu.

Ta rasu ta bar gaggafa biyu, mata da miji; da ɗansu, wanda Malama ta ce saura masa kamar mako uku ya tashi; da farantin sola, da ya zama gwauro; da ni. Ta kuma bar marayun wayoyi goma sha huɗu, da wani bawan Allah mai rabin aski da har yau bai cire hula ba.

Da so samu ne, da na rufe wannan mutuwa, gawa ta ci gaba da gadi. Amma Rabe ya riga ya kai labarin teburin mai shayi, yana cewa shi ya yi mata jinya har ƙarshe. Kwana biyu tsakani na tsinci sabuwar igiya a gindin gawo, da sawun takalmin roba. Mai igiyar ya san kansa. Ni ma na san shi, na ci tuwon sunansa.

Game da jana'iza, liman Malam Abdulwahab ya ce ba a yi wa ƙarfe salla. Na ce Allah gafarta Malam, na sani, zama fa? Ya ce bai ga inda aka hana zama ba. Don haka za a yi zaman makoki a gindin gawon, daga gobe. Ba kwana uku ba, ba bakwai ba, sai ranar da ɗan gaggafa ya tashi. Gawa tana nan a reshenta har lokacin. Ni can na tare da shimfiɗata da gorata. Mero za ta riƙa kawo kunu.

Masu wayoyin nan kowa zai ɗauki yininsa, sunayenku suna hannun Suwaiba, wanda bai zo ba za a ji shi a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Rabe ba shi da hutu. Zai zauna a gaba kullum, kai sama, yana juya wuya, tun da shi ya kashe mai aikin. Mai igiya shi ma ana gayyatarsa, ya zo ya yi mini gaisuwa a gaban jama'a, in miƙa masa kayansa hannu da hannu.

Ranar da yaron ya buɗe fukafukai ya bar sheƙa, a ranar za a sauko da marigayiya, a naɗe ta a sabon buhu, a sa ta a motar kasuwa zuwa wurin Malama. Rabe ne zai hau ya kwanto ta. Ƙayar gawo kuwa ban yarda a sare ko ɗaya ba.