Saura Taku Biyu Tsakanina da Rami

Zuwa ga Mai Girma Ciyaman,
Kwamitin Duba Zaizayar Ƙasa na Layinmu,
Maje, Suleja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan maƙogwaron 'yan kwamiti yana lafiya. Ni ce Dokas, mai gidan ƙarshe kafin ramin da ruwa ke ci. Ranar da aka kafa ku na auna da ƙafata, taku goma sha biyu ne daga ramin zuwa bangon ɗakina. Buhunan yashi kawai muka roƙa. A gafarce ni, ga koke-kokena.

1. Zamanku na farko kun kira shi "dilibareshan". Maƙwabciyata Mojisola, mai aiki a Abuja, ta ce ma'anarsa a tattauna sosai. Don murna har ƙosai na soya muku. Kuka tashi saura taku tara.

2. Na biyu "birenstomin" ne. Ta ce shi ma a tattauna sosai ne, sai dai kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Ranka ya daɗe, ai kullum muna yin wannan a bakin famfo, ba mu san yana da suna ba.

3. A watan zamanku na uku, "rawun-tebur", ramin ya ci gwaibata da akurkin kajina. Saura biyar.

4. Sai kuka tafi "ritirit" wani otal a Tafa, wai ku yi "tirashin-awut", wato dai a tattauna sosai. Shin daga can aka fi hango ramin? Kun ce ni ce babbar "istekholda", wato wadda abin ya fi shafa, amma ba ku gayyace ni ba saboda ba na jin Turanci. Ramin ma ba ya ji. Mojisola ta karanta masa takardar bayan taronku, bai fasa ba.

Yanzu saura taku biyu, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. Da hadari ya haɗu, gidan Mojisola nake kai jikokina.

Roƙona ɗaya ne: zamanku na gaba a yi shi a ɗakina, ranar hadari, ku ba shi duk sunan da ya yi muku. Na riga na jera kujeru. Ta Ciyaman, saboda girmansa, na jingina ta da bangon da ke bakin ramin.

Taka mai biyayya har ƙasa,

Dokas Nehemiya,
Gidan ƙarshe kafin rami. In sai kun tattauna wasiƙar nan kafin ku ba ni amsa, a aiko mini da ita gidan farko a cikin ramin.