Firam ɗin Mista Birtwistle

Duk wanda ya san ƙwallon zari-ruga a arewacin Ingila ya san cewa wasan mata bai tsaya da ƙafafunsa ba sai da Mista Norman Birtwistle ya riƙa masa hannu. Magana ce tabbatacciya, domin shi da kansa ya faɗe ta, kuma ya maimaita ta a gaban shaidu, galibinsu suna ƙoƙarin isa ga motocinsu.

Shi ne shugaban kulob ɗin garin Skelby. Bai taɓa buga wasan ba saboda gwiwa, ko da yake har yau ba a tantance wace gwiwar ba ce, don wata rana dama yake dafawa, wata rana hagu. Amma an ba shi abin da ya fi gwiwa, wato ido. Yakan ce kallo ɗaya zai yi wa yarinya tana ɗaure takalmi ya san ko za ta sa rigar ƙasa. 'Yan matan kulob suna kiransa Na-Hangi. Da sunan ya zo kunnensa sai ya ɗauka yabo ne, har ya tambayi tela ko za a iya ɗinka sunan a aljihun kwat ɗinsa.

Abu guda ne ya hana shi sakat. Al'adar wasan ce, idan aka kira 'yar wasa tawagar ƙasa, rigar wasanta na farko takan kai wa kulob ɗin da ya fara danƙa mata ƙwallo, a sa a firam, a rataye a bangon zauren shan giya. Kulob ɗin Cragthorpe, can bayan tudu, yana da fararen rigunan Ingila biyu. Shugabarsa, Glenda Sugden, mace ce mai zumunci. Duk inda suka haɗu sai ta tambaye shi, "Ya bango, Norman?" Bangon Skelby kuwa ba abin da ke kansa sai hoton Mista Birtwistle yana musabaha da wani babban mutum da babu wanda ya gane.

Sai ga Tegan Holroyd. Da rana tana tuƙa motar ɗaga kaya a sito, da yamma tana ɗaga 'yan matan wasu garuruwa ta ajiye su a taɓo. Idon Mista Birtwistle ya gano ta nan take, wato bayan jaridar gari ta buga hotonta sau da dama. Bai yi wata-wata ba ya sayo firam mai ruwan zinariya, ya rataye shi fanko, ya sa aka liƙa ƙaramin allo a ƙasa: Kyautar Idon Shugaba.

Wata yamma ana atisaye cikin yayyafi, ya tako bakin fili da lemarsa, yana zaɓen inda zai taka, ya yafito Tegan.

"Yarinya, zo nan. Idan kin kama ƙwallo, ki yi gaba. Gaba, ba baya ba. Wannan sirri ne, kyauta na ba ki."

"Na gode, Mista Birtwistle. Dama ina son ganinka, an yi mini waya daga tawagar…"

"Na sani! Wa kike zato ya sa aka yi wayar?"

"Amma ai ba…"

"Kunya ba ta dace da 'yar gaba ba. Koma ki ci gaba da abin da na koya miki."

Tegan ta share taɓo daga gira, ta dube shi, ta koma fili. Shi kuma ya koma ofis yana mamakin yadda maganarsa take isa kunnen manya ba tare da ya buɗe baki ba.

Ranar Asabar zauren Skelby ya koma ja da fari tun daga ƙofa har bayan gida. Tutocin Ingila sun rufe tagogi, an jera kifi da soyayyen dankali, an gayyato magajin gari da sarƙarsa, da wakiliyar jarida. Glenda Sugden an ba ta kujerar gaba, daidai saitin firam, don kada wuyanta ya wahala. Tegan na gefe da kakarta Bridie, tsohuwa 'yar ƙarama mai jaka a cinya.

Mista Birtwistle ya buga cokali a kofi.

"Jama'ar Skelby! Yau rana ce ta tarihi, kuma ba na son a yi maganata. Ni dai ido ne kawai. Amma bari in faɗi gaskiya, don an san ni da ita. A zamanin nan akwai 'yan wasan da idan sun ga ba za su sami rigar Ingila ba, sai su hau tonon asalin kakanni. Wannan ta gano kakarta ta taɓa shan shayi a Wales, waccan kakanta ya taɓa yin atishawa a Scotland, shi ke nan sun zama 'yan tawagar ƙasa! Tawagar 'yan aro ke nan. Mu a Skelby ba ma aro. Tamu ta gida ce, fara sol, da fure ja a ƙirji!"

Aka yi tafi kaɗan-kaɗan, irin na masu riƙe da dankali.

"Norman," in ji Bridie, ba ta ko tashi ba, "zauna kafin ka ji wa kanka ciwo. Ireland ce ta kira ta. Ta wajena. A Mayo, can Ireland, aka haife ni, ba atishawa na je yi ba."

Wakiliyar jarida, wadda tun ɗazu take hamma, ta gyara zama.

A nan ne ake gane manyan mutane. Da ƙaramin mutum ne, da ya nemi ƙofar baya. Mista Birtwistle sai ya dafa gwiwa, ta hagu a wannan karon, ya yi murmushi.

"Madalla! Abin da nake shirin zuwa gare shi ke nan. Gwada ku nake yi. Wa ya fi ni sanin darajar kaka? Ni kaina mahaifiyata tana da wata ƙawa 'yar Dublin, kusan a hannunta na tashi. Koren rigar Ireland ma launi ne mai kwarjini, zai hau da zinariyar firam. Tegan, 'yata, da kin gama wasan farko, ki kawo rigar nan gida. Kada ma ki wanke."

Tegan ta ajiye kofinta. Ba mai yawan magana ba ce, kuma wannan ne karo na farko da ya bar ta ta kai ƙarshen zance.

"Ai rigar ta kulob ɗin farko ce, Mista Birtwistle. Ni a Cragthorpe na fara."

"Cragthorpe? 'Yar Skelby? Gidanku fa ga shi nan bayan fili!"

"Shi ya sa muka fara zuwa nan," in ji Bridie. "Na riƙo hannunta tana 'yar firamare, da takalman yayanta a ƙafa. Kai ka tare mu a ƙofa. Ka ce in kai ta ajin rawa, wai filinka ba wurin tsalle-tsallen 'yan mata ba ne. Sai muka hau bas."

Mista Birtwistle ya ce bai tuna ba, kuma a gaskiya bai kamata a zarge shi ba, don ba su kaɗai ya faɗa wa haka ba.

Glenda Sugden ta miƙe, ta gyara mayafin wuyanta, ta tako har gaban firam ta ƙare masa kallo cikin girmamawa.

"Aiki mai kyau, Norman. In ba ka da abin yi da shi, zan saya. Daidai girman da nake nema."

Bai sayar ba. Ya shaida wa jarida cewa firam ɗin na jiran yarinya ta gaba da idonsa ya riga ya hango, sai dai ba zai faɗi sunanta ba don kada ya ɗora mata nauyi. Da aka tambaye shi ko a ƙungiyar ƙananan 'yan mata take, ya ce ƙwarai kuwa.

Skelby ba ta da ƙungiyar ƙananan 'yan mata.