Fitilar Zaure Mai Makunni Biyu

A gidan wani abokina a Tiga na ga fitila ɗaya mai makunni biyu: ka kunna a bakin ƙofa, ka kashe daga ciki. Ina dawowa Ƙafin Maiyaki na ce zaurena ma sai ya samu.

Mai gyaran wuta ya ce wayoyi uku ne a bayan kowane makunni, kuma akwai wadda ba a sauya mata gurbi. Na ce ya huta, waya ai waya ce. Na haɗa da kaina, na naɗe da salatif. Kwana uku ba a kawo wuta ba, saboda haka kwana uku ina injiniya. Har a majalisa na yi bayani, ina zane a ƙasa da tsinke.

Ranar da aka kawo, surukina ya zo daga Ba'awa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, bari ka ga wani abu." Na danna, shiru. Ashe nawa ba ya aiki sai an danna na ciki.

Dole na ɗaga wa matata murya a gaban mahaifinta: "Maman Sadiya, danna naki!"

Ta danna, fitila ta kama. Baba ya daɗe yana kallon ƙwan, sannan ya ce, "Ma sha Allah. Da can mutum ɗaya ke kunnawa, ko?"

Har yau ko rediyo na kai hannu zan kunna a majalisa, sai wani ya juya wajen gidana ya ƙwala kira: "Maman Sadiya, danna naki!"