Abin Da Ke Bayan Kabad Ɗina

Ko haƙorana sun zube, ba zan taɓa mantawa da daminar da aka zo feshin maganin sauro Madachi ba. Ni da bakina na jawo wa kaina.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar yaƙi da jahilci ba (ina da jika biyu na fara riƙe fensir), kaina kuwa ya kumbura. Da ma an san ni a unguwa da faɗa a kan tsafta, ga karatu ya ƙaru. Shi ya sa mai unguwa ya ce ni zan shawo kan mata, don sun ƙi feshin. Ai sai an fito da kayan ɗaki kaf tsakar gida, ba kuwa mai son a ga tsumman katifarta. Zazzaɓi kuma yana ta kwantar da yara, jikata ma sai da aka yi mata ƙarin ruwa a Rano.

Na tara su na wanke su tas. Na ce, "Duk mai gudun a ga ɗakinta, ƙazama ce. Gobe da gidana za a fara, a fito da kaya kaf, kowa ta zo ta ga yadda ɗakin mace yake."

Suka zo kuwa, har da masu goyo. Aka fito da gado, aka fito da akwatuna, daɓe fes kamar a lashe. Ina tsaye ina taunar goro, ina hararar maƙwabciyata Tabawa, wadda muka fi shekara ashirin muna gasar shara.

Saura kabad ɗin kwanukana. Mai feshin, wani dogo da ya ɗaure hanci da baki, ya ce, "Hajiya, wannan ma a janye shi."

Na ce, "Ɗan nan, tun ina amarya yake wurin. Fesa ta gefe."

"Bango ake fesawa, Hajiya. Sauro bayan kaya yake laɓewa."

Tabawa ta ce, "Yaya, ke fa kika ce kaf."

Maza huɗu suka janye shi. Ya fesa, ya ja ƙofa, ya ce kada a shiga sai bayan awa biyu. Ni kuwa na hau yi wa mata bayani kamar malamar asibiti.

Ina cikin magana sai ga kyankyaso ya fito ta ƙarƙashin ƙofa, yana tangaɗi. Na ɗora masa ƙafa a hankali, na ci gaba da bayani. Na biyu ya fito, na ɗora ɗaya ƙafar. Da na uku ya fito (jama'a, ƙafa biyu Allah ya ba ni) sai na ɗaga murya ko za su kalli bakina.

Ina! Sai ga su ɗuuu, iyaye da kakanni, har da wasu farare da ban taɓa ganin irinsu ba. Kajina suka yo kansu. Mai feshin ya ce, "A kama kajin nan, in sun ci mutuwa za su yi!" Sai ga ni da gudu bayan zakara, ɗankwali a ƙasa, goro ya sarƙe ni.

Tabawa ta riƙe ciki. "Yaya, ashe kiwo kike yi ba ki gaya mana ba? A sam mana iri mana!"

Da aka buɗe ɗakin, faranti biyu na kwashe na kai masai, a gaban kowa. Na tabbata aikin da aka ba ni ya lalace. Sai wata tsohuwa, Iya Abu, wadda ta fi kowa ƙin feshin, ta miƙe ta ce, "In ɗakin wannan masifaffiya ya haifi wannan, nawa sai dai a kira mafarauta. Ɗan nan, ɗauko tankinka, biyo ni."

Kafin la'asar an feshe layinmu duka, kowa ta kulle ƙofar gidanta ta share nata a ɓoye. Nawa kaɗai gari ya ƙirga.

Har gobe ina faɗa a kan tsafta, ban fasa ba. Amma na koyi abu guda: in za ki yi wa mata gwaji, ki yi shi a ɗakin wata.